Kafin Masu Ɗaurin Kaya Su Iso

Takardar canjin aiki ta zo ranar Talata,
ta ce Rukuba ta sallame mu, Inugu na jira.
Saje Tanimu ya karanta ta a tsaye,
ya ninke ta huɗu, ya tafi fareti.
Sauran aikin nawa ne.

Gobe ƙarfe takwas kamfani zai turo samarinsa,
da kwalaye, da salatif mai ƙara kamar ana yage zani.
Na san halinsu tun tashinmu daga Bauci:
abin da ido ya gani, hannu ya ɗaure.
A wancan karon har kwandon shara suka rufe,
sai bayan kwana tara muka buɗe,
ɓawon albasa ya biyo mu sabon gari.

Shi ya sa yau na ware banɗaki.
Na zuba takardun haihuwa, katin asibitin Sakina,
maganin asmarta, cajar waya,
kakin da zai saka ranar kama aiki,
tukunya ɗaya, cokali uku, sallaya.
Kyanwa ma can za ta wuni.
Na liƙa takarda a ƙofar:
nan ba naku ba ne.

Firij tun asuba na zare masa wuta,
yana ta ɗiga a kan siminti.
Tukunyar gas ba sa ɗauka, wai doka ce.
Maman Nanret ta karɓa, ta biya rabi,
ta ce ragowar sai ƙarshen wata.
Muka kalli juna, muka yi dariya,
mun san inda ƙarshen wata zai same ni.

Na ɗauki hoton talabijin gaba da baya,
da tsagewar da ke ƙafar kujera tun bara,
kada a yi musu a kan tsohon rauni.
Faranti ashirin da uku na ƙirga.
Da ashirin da huɗu na shigo aikin soja,
hanyar Jaji ta ci ɗaya.

Kabejin bayan gida bai naɗe ba tukuna,
saura mako uku, in ji mai lambu.
Wanda zai gaji lambar gidan nan zai ci,
bai san wa ya yi ban ruwa ba.
Zanen fensir a bangon falo,
inda muke gwada tsawon yarinya duk Sallah,
kwatamasta ya ce a goge kafin a miƙa makulli.
Na auna shi da zare, na ƙulla kowace shekara,
na cusa zaren a jakar hannu,
sannan na ɗauko soso.

Da dare Tanimu ya dawo yana neman rezarsa.
Ya dubi tarin dama, ya dubi na hagu,
ya ce, ni kuma a wane aka sa ni?
Na ce, kai tun tuni aka ɗaure ka,
har lamba an rubuta maka.
Matsa, kana tsaye a kan bargunan
da ba za mu buƙata a can ba.