Ranar da Muka Rufe Baba a Dass

Da muka dawo daga rufe Baba,
jar ƙasar Mbula na manne a ƙafafunmu,
tabarma ɗaya muka zauna, lahira uku.

Ya'u ya ce tun kafin takunmu ya ɓace masa
mala'iku biyu sun zaunar da shi,
mu roƙa masa sabati.

Istifanus ya rufe littafin waƙoƙinsa,
ya ce barci ne kawai,
ƙaho na busawa zai miƙe.

Goggo Kande ba ta tanka musu ba.
Da almuru ta dama kunun tsamiya,
ta zuba kaɗan a gindin rumbu:
"Bai yi nisa ba,
tsofaffi sun tarye shi a bayan dutse.
Ku dai lura da cikin Saratu,
wa ya san wanda ke tafe?"

Ni da aka tambaye ni, na ce ban sani ba.
Na san dai shinkafarsa ta nuna a fadama,
kuma tsuntsaye ba sa zaman makoki.

Da asuba mu huɗu muka ɗauki lauje.
Ba wanda ya taɓa nasa
da ke rataye a jikin danga.