Alƙalin Shagon Gem

A Samaru, bayan layin masu fotokwafi,
nake da shago: talabijin huɗu, benci biyu,
fanka mai tari, janareta mai taurin kai.
Naira ɗari biyu awa guda.

Da can ƙwallo suke bugawa,
faɗan ƙwallo kuwa na san maganinsa:
a tashi wasa, wanda aka ci ya biya.
Sai Nafi'u ya shigo da wani sabon wasa,
na jarumi mai neman takobin ubansa.
Wata uku ke nan,
takobin nan ba wanda ya ƙara tambayarsa.

Mata biyu ne a hanyar jarumin.
Ɗaya maƙeriya, baƙin gawayi a kumatu,
ba ta dariya sai ka kawo mata ƙarfe daga bakin dutse.
Ɗaya maharbiya, mai tabo a gira,
ta cece ka sau biyu, ta yi maka ƙarya sau ɗaya.

Shago ya rabu gida biyu.
Tasi'u ya ce mai ƙarya sau ɗaya za ta ƙara.
Haladu ya ce maƙeriyar ƙarfenka take so,
son maso wani, in ji shi, ƙoshin wahala.
Yara da ko gemu bai gama yi musu sallama ba,
jijiyar wuya a miƙe
kan matan da aka zana a wata ƙasa.

An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi.
Wanda ya faɗa ba shi da talabijin a tsakiyar faɗan.

Na samo kwalin taliya na rubuta doka:
Ban da zagin uwa.
Ban da faɗin ƙarshen labari ga wanda bai kai ba.
Wanda ya jefar da madanni, sati guda a waje.
Na kori Haladu ran Talata.
Ran Laraba na gan shi a bakin taga,
ya leƙo, yana kallon maharbiyarsa a hannun wani.
Na kau da kai. Doka ba ta ce komai kan taga ba.

Suka ce, Kawu Mudi, kai wa ka zaɓa?
Na ce alƙali ba ya da budurwa.

Ƙarya nake.
In dare ya yi, 'yan acaɓa sun ragu a hanyar Kwangila,
nakan ja ƙofa in zauna ni kaɗai.
Maƙeriyar ta ɗago kai, magana uku su fito a allo:
“Zan dawo.”
“Ki taho mu tafi.”
Ta ukun shiru ce.
Na gwada dukkansu. In ta ɓata rai
in koma inda na adana, in sake sallama,
ta karɓe ni kamar ban taɓa yi mata laifi ba.

Barira ba ta da wurin adanawa.
A ƙofar Kongo, shekara goma sha tara baya,
ta tsaya da littattafai a ƙirji ta ce, “To, sai yaushe?”
Na zaɓi ta ukun.
Na ji an ce tana koyarwa a Funtua,
babban ɗanta ya isa zama a bencina.

Daren jiya na kai inda ban taɓa kaiwa ba.
Maƙeriyar ta ajiye guduma,
ta goge hannu a zane, ta buɗe baki,
sai aka ɗauke wuta.

Ban tashi na ja janareta ba.
Na zauna da madanni a cinya,
sauro na yi min guɗa a kunne,
hasken wayata na nuna min a baƙin gilashi
wani mutum mai furfura a gefen kai
yana jiran amsa.

Da safe Haladu ya zo, saura kwana biyu hukuncinsa.
Na ce shigo.
Na ce amma ka zauna nesa da Tasi'u.