Guntun Ƙarfen Dogo

A Agege, bayan tasha,
inda fatake ke ɗaure huhun goro tun asuba,
nan Malam Mijinyawa ya rataye guntun ƙarfen dogo
a reshen mangwaro, ya ce, "Ga ƙararrawa."

Shekara goma sha ɗaya yana akawu a Ebute Meta,
yana rubuta nauyin kayan wasu a littafin wasu.
Ran da Bature ya jefar da takarda ƙasa
don ya ga duƙawarsa,
ya duƙa, ya ɗauka, ya miƙa masa,
sannan ya ɗauki hularsa.
Tebur bai sake ganinsa ba.

Rumfar Alhaji Tanimu ya ara,
mai rufin da ke yi wa kowane hadari maraba.
Benci uku, bashin kafinta.
Allon bango ƙyauren tsohon shago ne
da muke gogawa da gawayi da ɗanyen ganye
har hannuwanmu su koma na maƙera.

Mu bakwai ne ranar farko,
ni ce ta bakwai, ni kaɗai da ɗankwali.
Baba ya ce, "In Tasalla ta iya lissafi
dillali ya daina cin ƙwarya a huhuna."

Taro ne kuɗin wata.
Mai taro ya kawo taro,
marar taro ya kawo goro goma,
marar goro ya kawo kansa,
Malam ya rubuta "ya biya" da jan tawada
hannunsa ko rawa ba ya yi.
Ƙaryarsa ke nan da na sani a duniya.

Dattawan Zango suka ce zai sayar da mu ga 'yan mishan.
'Yan mishan suka ce rumfa ba makaranta ba ce.
Shi ko ya ce tsakanin dutse biyu gero ke zama gari.
Da hantsi abacada, bayan la'asar alu, ambaki.
Ticha Oyelaran ya zo da kekensa daga Oshodi
yana koya mana Turanci a kan tuwon rana da alkawari;
su yi musu kan furucin kalma ɗaya har alli ya ƙare,
su raba goro, gobe su ɗora.

Shekarar da aka kwashi samari zuwa Bama
sufeto ya zo da igiyar awo.
Ya auna taga, ya leƙa masai,
ya nemi takardar shaida, babu.
Malam ya ce, "Tasalla, tashi.
Ƙwarya goma sha bakwai, kowace sule biyu da sisi?"
"Fam biyu, sule biyu da sisi."
Sufeto ya yi nasa a takarda, ya daɗe,
ya ɗaga kai ya ce daidai ne.
Sannan ya rufe makarantar.

Wata takwas muna karatu a zauren Malam,
ba a buga ƙarfe, sai dai a yi tari sau uku.
Da izini ya fito, idonsa ya fara hazo,
ya ba ni takardar in karanta masa.
Ya ce in maimaita. Na maimaita.

Ya rasu kafinta na binsa benci ɗaya.

Jiya na bi ta wurin, jikana na riƙe da hannuna.
Bene hawa uku, sunan wani a goshinsa,
ƙararrawar lantarki na ihu kamar an taka ta.
Ba mangwaro.
Ƙarfen nan kuwa yana ƙasa, ya yi tsatsa,
mai gadi na tokare ƙofa da shi.
Na ƙwanƙwasa shi da sandata.
Muryar tana nan, ta ɗan dushe, irin tawa.

Rajistar tana cikin adakata.
Na ƙirga jan tawada, ɗari biyu da sha huɗu,
tara a gaban sunana,
na shekarar da goron Baba ya ruɓe a tasha.
Tun ran da na gani nake neman wanda zan biya,
ga shi an daina karɓar taro.