Kifin Ƙofar Kakata

Gidan da aka binne cibiyata a Lamu
yanzu sunansa na cikin littafin baƙi.
Ɗaki na uku, inda kakata Mwana Esha
ta yi shekara hamsin tana gurza kwakwa,
dala tamanin ne kwanansa guda.
Ni ke miƙa makulli.

Famau, wana, ya ce in saki fuska.
"Bango ba ya maganin yunwa.
Da Baturiyar nan ba ta saya ba
da damina ta cinye rufin,
mu gaji jemagu da tarin duwatsu."
Yana da kwalekwale mai inji yanzu,
yana kai baƙi Shela kallon faɗuwar rana,
ranar da muke gani kyauta tun ba mu san wando ba.

Bai yi ƙarya ba.
Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan.

Shee yana sassaƙa a lungun bayan masallaci.
Ubansa wata huɗu yake yi kan ƙofa ɗaya.
Shi ƙanana yake yi, tsawon tafin hannu,
ƙofofin da ba sa buɗewa,
su shiga jaka su hau jirgi.
Da su ya biya sadaki.

Jiya aka yi taro kan otal a bakin gaɓa.
Dattawa suka ce a'a daga kan kujeru.
Da aka waiwayo mu,
wasu suka ɗaga hannu don albashi,
wasu don yashin da kififfiya ke ƙwai.
Nawa ya tsaya a kafaɗa.

Da dare wata baƙuwa ta shafa ƙofarmu,
ta tambayi ma'anar kifin da ke gindinta.
Shekara ashirin da biyu ina wuce shi.
Na buɗe baki, babu komai.
Na ce mata sa'a ce.
Ta rubuta.

Da asuba, kafin jakuna su fara jigilar yashi,
na sallama wa uban Shee.
Idonsa ya tafi, kunnensa na nan.
Ya ce, "Kan kifin, yarinya,
sama yake duba, ko teku?"

Na yi shiru.
Na kwashe takalma a hannu,
na koma da gudu in duba.