Layin Apapa

Kwana tara ina layi a Apapa,
tirela bayan tirela, har gada ta gaji da mu.
Na haddace lambar motar da ke gabana,
na san mai shayin da ke ba da bashi,
amma ban san sunan abokin ɗana ko ɗaya ba.

Uwarsa takan fita kafin asalatu
da kular tuwo, ta kama danfo zuwa Oshodi.
Sadisu, shekara sha biyar,
mukan bar masa makulli,
da ɗari biyar a ƙarƙashin matashi.
Muka ce ai ya girma.

A garinmu, in yaro ya yi tari a wannan zaure,
tsohuwar wancan lungu ta ji.
Nan ɗaki goma sha biyu ne suna kallon juna,
kowa da janaretonsa, kowa da kukansa.

Ashe masu tambayarsa ko ya karya
su ne yaran bakin layin dogo.
Su suka gutsura masa burodin Agege,
su suka raɗa masa suna, suka tsaya masa a faɗa,
ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, su suka goya shi.
Da kwalbar lemo ta zagayo,
an tsiyaya maganin tari a ciki,
yaya zai ce a'a ga hannun da ya ciyar da shi?

Iya Bisola ce, maƙwabciyarmu,
ta tare ni a bakin famfo da guntuwar Hausarta:
"Baba Sadisu, yaro barci, barci, ba kyau."
Kunya ta kama ni kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Na same shi jingine da bango,
ido a lumshe, magana tana jan ƙafa.
Na zare bel.
Ya ɗago a hankali, ya ce,
"Baba, jar ƙwayar nan ta aljihun motarka,
wadda ke hana ka barci a hanya,
tun ina aji shida na san inda take."

Bel ɗin ya yi nauyi a hannuna.
Barewa ta yi gudu, na ce ɗanta ya yi rarrafe.

Daren nan ban yi wa'azi ba.
Na ce uwarsa ta zuba mana a kwano ɗaya.
Ya ci loma uku, hannunsa na rawa,
nawa ma haka.

Yau yana nan kusa da ni a gaban mota,
layi bai motsa ba tun hantsi.
Na zubar da tawa a kwata, yana kallo.
Tasa, Allah ne masani.
Wayarsa ta yi ƙara sau huɗu.
Na ce, "Wane ne?"
Ya daɗe yana kallon teku,
sannan ya faɗa mini sunan.