Ɗan Aike

A kan gadar Riyoni ta mutu, karo na uku a mako guda,
burodi tire goma sha biyu na hucewa a baya,
ruwan Kutaisi na marin gilashi,
masu hon na zagina har kakan kaka.
Na murɗa makulli. Tana juyi, tana juyi, ba ta kama.
Minti ashirin ta huce, ta tashi
kamar ba ita ba.

Sau biyu ina sayen sensa.
Lari tamanin, sannan ɗari da goma,
wai na biyun ɗan Jamus ne, ba ya ƙarya.
Fitilar nan mai ruwan ɗorawa ba ta bar harara ta ba.

Garejin Guram na bayan tsohuwar masana'anta
inda ya bar kunnensa na hagu da ƙuruciya.
Jikarsa Eteri ta soka na'ura ƙarƙashin sitiyari,
ta karanto: P0340.
Na ce, ai na sani, sensar kamshaf ce, ta sake lalacewa.
Tsoho ya murje taba a bakin randa,
ya juyo mini kunnen da ke aiki.
“Lambar ba ta ce ya mutu ba.
Cewa ta yi ba a ji daga gare shi ba.”

Ya ɗaga bonet, ya nuna da ƙusa:
sanda ce can sama, mai ƙusumbi-ƙusumbi,
tana juyi tana danna bawul, buɗe, rufe.
Shi kuwa ɗan baƙin nan, bai kai babban yatsa ba,
aikinsa leƙe.
Haƙori ya gifta, ya aika wa kwamfuta:
yanzu! silinda ta ɗaya, zuba mai, ba da wuta.
In saƙo ya ɓata a hanya
gida ya ruɗe, kowa ya tsaya.

Waya uku gare shi.
Eteri ta cire soket, ta shinshina, ta haska:
ba baƙin mai, ba tsatsa.
Tsinken mita a ta farko, bolt biyar cif.
Ta biyu, ta komawa ƙasa, lafiya lau.
Ta uku mai kai labari, aka tada injin,
layi na hawa da sauka a allo kamar bakin zarto,
ba giɓi ko ɗaya.
Na ce, kun gani? Gaban likita ba ta ciwo.

Guram ya ce a bar ta ta yi gumi.
Ya buɗe bayan motata ba tare da ya tambaya ba,
ya ɓallo burodi, ya yanka cuku da wuƙar fere waya.
Muka ci a tsaye, mu uku,
fanka ta tashi, ta tsaya, ta tashi.

Sannan ya zura hannu bayan injin, inda ido ba ya kai,
ya kama damin wayoyi,
ya girgiza a hankali, kamar mai tada jariri.
Zarton ya miƙe ya zama zare.
Injin ya yi tari ɗaya. Shiru.

Can ne, a gefen wani ƙarfe mai kaifi:
roba ta goge, tagulla ta tsinke,
sili biyu kacal suka rage suna riƙon amana,
da sanyi su taɓa juna,
zafi ya zo su saki.
Wata biyu na bar jaki ina dukan taiki.

Dalma ɗigo uku, ƙyallen roba, igiyar ɗauri.
Lari ashirin, ya ce, da burodin gobe.

Yanzu sensa biyu na ƙwarai na kwance a aljihun mota,
suna karo da juna duk ramin da na faɗa.
Na hau gadar da numfashi a riƙe. Na wuce.

Da dare na tuna wana Otar a Batumi,
wata takwas ba ko gaisuwa,
na riga na yanke masa hukunci, na canza shi a zuciya.
Na lalubo lambarsa da yatsa mai baƙin mai.
Ta shiga.
Ina tsaye bakin tanda, ina jira.