Hawa na Tara

Na mutu ranar Talata, ranar kwashe kwalabe.
Na san Talata ce, don na riga na ɗaure jakar,
na ajiye ta bakin ƙofa, na zauna in sa takalmi.
Ƙafa ɗaya ta shiga.
Ɗayar har yau tana jira.

Wata goma sha ɗaya banki na biyan haya da sunana,
Tokuzo Hirabayashi, hawa na tara, birnin Kitakyushu,
mutumin kirki, ba ya makara.
Firji na ta gurnani shi kaɗai.
Maƙwabcin da bango ɗaya ya raba mu shekara ashirin
ya ce wa 'yan sanda: ai na ɗauka ɗakin ajiya ne.

Ƙudaje ne suka kai rahoto.

Aka zo da safar hannu da ƙyallen rufe hanci,
aka ɗauke tabarmar da siffata ta kama,
aka shimfiɗa sabuwa mai ƙanshin ɗanyar ciyawa.
Ba wanda ya ce in tafi. Ba wanda ya ce in zauna.
Kamar dai da.

Sai ga sabuwar 'yar haya, Fumie Odagiri,
da akwati ɗaya da tukunyar shinkafa ta mutum guda.
Aikin dare take yi a masana'antar ƙunshe abinci,
tana ɗora ɗan jan tsami a tsakiyar farar shinkafa
sau dubu huɗu kafin gari ya waye.
Na ce, abin nema ya samu.
Na yi abin da fatalwa ke yi:
na buɗe famfo, na ja labule, na hura sanyi a ƙeyarta,
na rubuta sunana a kan tururin madubi.

Ta karanta. Ta gyara mini harafi ɗaya.

Washegari kofi biyu ne a tebur.
Ta zuba shayi, ta turo mini, ta buɗe baki:
uwar da ke kiranta da sunan kyanwar da ta mutu,
haƙorin da ke hana ta barci,
wayar da ba mai kira sai 'yan talla,
su ma takan riƙe su da hira har su kashe.
Lokacin da nake da jini a jiki
ban taɓa jin tsoro irin na wannan teburin ba.

Na shige bango. Ta manna kunne: kana nan?
Na shige bututun ruwa, ta ƙwanƙwasa da cokali.
Na ɓuya a firji,
ta bar shi a buɗe don kada duhu ya dame ni.

Na sauka ofishin gidaje in kai ƙara.
Inji ya ba ni lamba, alhali ba ni da yatsa.
Magatakarda bai ɗago ba. Ya ce, wa ke damun wa?
Na ce, mai rai ce ta hana ni sakat.
Ya ce, babu takardar cikewa irin wannan.
Sai na ga hasken fitila yana ratsa wuyansa.
Na ce, kai ma?
Ya ce, tun bara waccan. Ka rufa mini asiri,
saura shekara biyu in yi ritaya.

Na komo ta matakala, don lifta ba ta jin nauyina.

Yau kwana shida ba ta je aiki ba.
Tana zaune a tebur, shayi ya huce ya sandare,
tana ta zuba, ba ta tsayawa jan numfashi.
Akwai wata kwance a bayanta, sanye da rigarta,
fuska a kife a kan sabuwar tabarma.
Ba ta waiwaya ba.
Ni ma ban gaya mata ba.

Gobe Talata.
Ƙuda ɗaya ya sauka a taga, yana wanke hannu.
Ta dube shi, fuskarta ta washe.
Ta ce, bari in ƙaro kofi.